Joaquín na Betis: me ya hana shi kofunan tawagar Sifaniya, kuma ta yaya ya kai shekara 41 yana taka leda?

Wani mai bibiyar La Liga ya yi tambaya kashi biyu game da Joaquín Sánchez, tsohon ɗan wasan gefe na Real Betis. Ya ce ana yawan yabonsa, amma babu sunansa a tawagar Sifaniya da ta ɗauki kofin Turai a 2008, kofin duniya a 2010, da kofin Turai kuma a 2012. In gwani ne da gaske, me ya hana a tafi da shi? Sannan ta yaya mutumin da jarinsa gudu ne ya ci gaba da wasa har ya kai shekara 41?

Tambayoyin nan biyu tushensu ɗaya. Joaquín ya fito ne a matsayin lamba bakwai irin na da, mai manne wa layin gefe, daidai lokacin da wannan sana'a ta fara fita daga yayi a Sifaniya. Abin da ya raba shi da tawagar ƙasa ke nan. Kuma da ya gane haka sai ya sake wa wasansa fasali har sau biyu, abin da ya ba shi tsawon rai a fili. Sai an bi tarihin wasansa daki-daki za a ga yadda abin ya kasance.

An haife shi ranar 21 ga Yulin 1981 a El Puerto de Santa María, wani gari na bakin teku a lardin Cádiz, yankin Andalus. A makarantar horar da yara ta Betis, a birnin Sevilla, ya gama tasowa. Ya shiga babbar ƙungiya a watan Satumban 2000, lokacin Betis na rukuni na biyu bayan ta faɗo. Gurbin da ya gada ba baƙo ba ne ga masu kallo a Najeriya, domin Finidi George ne ya riƙe gefen dama na Betis daga 1996 zuwa 2000, kafin ya koma Mallorca. Yaro ɗan shekara 19 aka ba wannan wuri, kuma a kakar farko ƙungiyar ta koma La Liga. Kaka ta gaba, ƙarƙashin Juande Ramos, suka ƙare a matsayi na shida, Denílson na Brazil a hagu, Joaquín a dama.

Ya kamata a tsaya a kan irin wasan da yake yi a wancan lokaci, don a nan ne gwanintar take. Faɗin fili mita 68 ne a yawancin manyan filaye. Aikin farko na lamba bakwai na gargajiya shi ne ya tsaya a kan layin gefe, har takalminsa ya taɓa farin fenti, ko da ƙwallo tana can ɗaya ɓangaren. Tsayuwar nan kaɗai tana tilasta wa lamba uku na abokan hamayya ya fito, sai rata ta buɗe tsakaninsa da ɗan bayan tsakiya. Da yawa daga matasan 'yan gefe ba su da haƙurin wannan. In suka yi minti biyar ba su taɓa ƙwallo ba sai su sulale zuwa tsakiya neman ta, su cunkushe wa lamba goma wuri, fili ya tsuke, mai tsaron baya ya huta.

Idan ƙwallo ta iso, abin da Joaquín yake yi yana da tsari. Yana karɓa da jikinsa a buɗe, yana fuskantar ragar abokan hamayya, ba ya juya musu baya. Taɓawar farko tana zuwa gaba kaɗan, ba ta mutu a ƙarƙashin ƙafa. Daga nan sai ya nufi mai tsaronsa kai tsaye, da taɓawa ƙanana, kuma abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne yana rage gudu. Burinsa ya sa ɗan bayan ya tsaya cak, nauyinsa ya sauka a kan dugadugai. Da tazara ta rage kamar taku biyu, sai ya karkata kafaɗa kamar zai shiga ciki, ya tura ƙwallo waje da bayan ƙafar dama, ya fizga. Mita biyar na farko su ne komai. Mai tsaron baya da ya tsaya sai ya juya jikinsa kafin ya fara gudu, shi kuwa ɗan gefe yana fuskantar inda za shi tun farko. Inda ake kuskure a wannan yanka wuri biyu ne. In aka yi karkatar daga nesa, ɗan baya yana da lokacin gyara tsayuwa. In aka matso da yawa, ƙafarsa ta isa ƙwallo. Akwai na uku ma: tura ƙwallo da ƙarfi fiye da kima, ta fita ko ɗan bayan tsakiya ya tare ta.

Bayan yanka sai kuros, kuma nan ne ake bambance ɗan gefe na gaske da mai gudu kawai. Kafin ya buga yakan ɗaga kai sau ɗaya. In lamba tara ya yi gaba zuwa turken kusa, ƙwallo ta zo da ƙarfi, ƙasa-ƙasa ko daidai kai, tsakanin gola da 'yan baya, a bakin ƙaramin akwatin nan mai mita 5.5. In 'yan baya sun ruga sun cika bakin raga, sai a mayar da ita baya wajen ɗigon fenareti, mita 11 daga raga, inda ɗan tsakiya ke shigowa babu mai tsaronsa. In kuwa ɗan gefe ya isa layin ƙarshe a matse, sai ya ɗaga ta a hankali zuwa turke na nesa. Kuros yana lalacewa ne idan ƙafar da aka dogara a kai ta yi nisa da ƙwallo ko jiki ya kwanta baya, sai ƙwallo ta tashi ta wuce kowa. Joaquín yana iya juya ƙugunsa ya buga yana cikin cikakken gudu, jikinsa na shirin fita daga fili. Ba kowa ke da wannan ba.

Irin wannan kuros ɗin ne ya jawo abin da aka fi tunawa da shi a rigar ƙasa. Ya fara buga wa Sifaniya a watan Fabrairun 2002 da Fotugal, kuma koci José Antonio Camacho ya tafi da shi gasar kofin duniya ta shekarar. Ranar 22 ga Yuni, a Gwangju, aka haɗu da Koriya ta Kudu a zagayen kwata fainal. Yana da shekara 20, kuma shi ne ya fi kowa wahalar da 'yan Koriya a ranar. A farkon ƙarin lokaci ya yanke mai tsaronsa, ya isa layin ƙarshe, ya ɗaga ƙwallo, Fernando Morientes ya sa kai ta shiga raga. A dokar wancan lokaci duk wanda ya fara ci a ƙarin lokaci ya gama wasa. Amma mataimakin alƙalin wasa ya ɗaga tuta cewa ƙwallo ta fita kafin a buga ta, alƙali Gamal Al-Ghandour na Masar ya bi shi. Doka ta ce sai ƙwallo ta tsallake layi gaba ɗayanta kafin a ce ta fita, kuma hoton da aka maimaita ya nuna ba ta tsallake ba. Aka tashi babu ci, aka je bugun fenareti. Joaquín ne na huɗu a layin Sifaniya. Ya ɗan yi jinkiri a cikin gudunsa, bugun bai yi ƙarfi ba, gola Lee Woon-jae ya tare. Hong Myung-bo ya ci na ƙarshe, Koriya ta wuce da 5 da 3. Zalunci ne a riƙa tuna shi da fenaretin a manta cewa ya riga ya ba da ƙwallon da ya kamata ta kai ƙasarsa zagayen kusa da na ƙarshe.

Ganiyarsa ta farko ita ce kakar 2004/05 ƙarƙashin Lorenzo Serra Ferrer. Ricardo Oliveira da Edu a gaba, Marcos Assunção a tsakiya yana bugun tazara, Joaquín yana ciyar da su daga dama. Betis ta ƙare ta huɗu, ta samu tikitin gasar Zakarun Turai karon farko a tarihinta, sannan ranar 11 ga Yunin 2005 ta doke Osasuna 2 da 1 a wasan ƙarshe na Copa del Rey, wato kofin Sarkin Sifaniya, Dani ya ci ta biyu a ƙarin lokaci. A kaka ta gaba sun doke Chelsea ta Mourinho da ci ɗaya mai ban haushi a gida, ko da yake ba su fita daga rukunin ba.

A 2006 aka rabu. Mai ƙungiyar a lokacin, Manuel Ruiz de Lopera, ya ja ciniki har ya yi barazanar tura shi aro Albacete ta rukuni na biyu, kafin a ƙarshe a sayar da shi ga Valencia a kan Yuro miliyan 25, kuɗi mafi yawa da Valencia ta taɓa biya a kan ɗan wasa zuwa lokacin. Shekaru biyar ɗin da ya yi a can su ne ya kamata su zama ƙololuwarsa, daga shekara 25 zuwa 30, amma ba su zama ba. Bai yi wasa mara kyau ba, sai dai bai zama wanda ba a iya ajiyewa ba. Kakar 2007/08 ta zo da rikici: aka kori koci Quique Sánchez Flores, Ronald Koeman ya zo ya ware manyan 'yan wasa irin su Albelda da Cañizares, shi ma Joaquín ba su jitu ba. Valencia ta ci Copa del Rey a 2008, ta doke Getafe 3 da 1, amma ba da shi aka fara wasan ba. A zamanin Unai Emery kuma sai ya riƙa raba gurbi da Pablo Hernández. Daidai wannan tsakanin ne ake zaɓen waɗanda za su kafa tarihi da rigar ƙasa.

To me ya sa aka bar shi? Dalili na farko kuma mafi nauyi shi ne salon wasa. Bayan kofin duniya na 2006, wanda Joaquín ya je, koci Luis Aragonés ya karkata ga gina tawaga a kan gajerun 'yan tsakiya masu riƙe ƙwallo. A gasar 2008 Marcos Senna ne a bayan tsakiya, Xavi a gabansa, Iniesta da David Silva a gefuna, Fàbregas da Cazorla na jira a benci. Iniesta da Silva ba su tsayawa a layi, ciki suke shigowa don a fi abokan hamayya yawa a tsakiya, a bar faɗin fili ga 'yan baya na gefe, Sergio Ramos da Capdevila. A irin wannan tsari yanka haɗari ne: duk ɗan gefen da ke tunkarar mutum ɗaya da ɗaya dole ya riƙa rasa ƙwallo wani lokaci, tawagar kuwa an gina ta ne don kada a rasa. Kuma kuros na sama yana buƙatar mai sa kai irin Morientes, alhali Villa da Torres sun fi son a zura musu ƙwallo a ƙasa ta bayan 'yan baya. Dalili na biyu, Joaquín ya fito fili ya soki halin da tawagar ke ciki bayan da Ireland ta Arewa ta doke su 3 da 2 a watan Satumban 2006, kuma hakan bai taimake shi ba. Wasansa na ƙarshe da rigar ƙasa a 2007 ne, ya tsaya a wasa 51 da ƙwallo 4. Na uku, ko da koci Vicente del Bosque ya so ɗan gefe na gargajiya guda ɗaya da zai riƙa sakowa daga benci a 2010, akwai Jesús Navas na Sevilla, wanda ya fi shi ƙuruciya da shekara huɗu kuma yana kan ganiya. Gurbi ɗaya ne, wani ya riga shi.

A ganina an yi asararsa, amma ba za a ce koci ya yi kuskure ba tunda ya ɗauko kofi. Abin da za a ce shi ne da ya zo shekara goma kafin haka, zamanin da ƙungiyoyi da yawa ke buga huɗu-huɗu-biyu da 'yan gefe biyu a kan layi, da ya fi haka yawan wasanni.

Sauyi na farko ya zo a Málaga. Ya koma can a 2011, lokacin da Sheikh Abdullah Al Thani na Katar ke zuba kuɗi, Manuel Pellegrini yana koci. Pellegrini ba ya son 'yan gefe masu manne wa layi, ya fi son su shigo ciki su yi wasa a ratar da ke tsakanin 'yan tsakiya da 'yan bayan abokan hamayya. Sai Joaquín, yana da shekara 30, ya koyi karɓar ƙwallo a matsatsin wuri, ya yi ba-ni-in-ba-ka da Isco da Cazorla, wani lokaci ma ya buga a bayan lamba tara. Málaga ta ƙare ta huɗu a 2011/12. A gasar Zakarun Turai ta kaka ta gaba ya ɓarar da fenareti a wasa da AC Milan, sannan ya dawo ya ci ƙwallon da ta ba su nasara 1 da 0. A kwata fainal, ranar 9 ga Afrilun 2013 a Dortmund, shi ya fara ci, kuma ƙwallon tana nuna sabon Joaquín: a bakin babban akwati ya karɓa, a tsakiya, ya yi kamar zai buga da dama, ya janyo ta hagu, ya buga ƙasa ta shige kusurwa. Málaga na gaba da 2 da 1 har minti 90 ta cika, sai Reus da Felipe Santana suka ci biyu a mintunan da aka ƙara, ta ƙarshen ma da satar gida a cikinta.

Matsalar kuɗi ta tarwatsa wannan tawaga, ya tafi Fiorentina a 2013. Italiya ta ƙara masa abin da bai damu da shi ba da: tsaro da sanin wurin tsayuwa. Vincenzo Montella yakan buga da 'yan baya uku, wani lokaci ya ba shi gefen gaba ɗaya, ya kai hari ya dawo ya tare. Shi ya ci ta uku ranar da Fiorentina ta farfaɗo daga ci biyu ta doke Juventus 4 da 2 a watan Oktoban 2013, Giuseppe Rossi ya ci sauran ukun. Sun kai wasan ƙarshe na Coppa Italia a 2014, Napoli ta doke su.

A ƙarshen watan Agustan 2015 ya matsa har aka sake shi ya koma Betis, yana da shekara 34. Mutane da yawa sun ɗauka kaka ɗaya ko biyu zai yi a yi masa bankwana, sai ya yi takwas. Sauyi na biyu ya zo da Quique Setién a 2017, mai son a riƙe ƙwallo tun daga gola. Nan aka riƙa sa shi a hagu ko a ciki. Ga mai ƙafar dama wannan yana da amfani a bayyane: in ya karɓa a hagu ya juyo ciki, fili gaba ɗaya yana gabansa, ƙafarsa mai ƙarfi tana fuskantar raga, ba ya buƙatar tsere na mita talatin da yaro ɗan shekara 22. Faɗin fili kuwa sai ɗan baya na gefe, irin Junior Firpo, ya ɗauka. Abin da ya rage masa daga tsohon wasansa shi ne wanda shekaru ba sa ci da wuri: karkata jiki, sanin lokacin tsayawa da lokacin fizga, da ɗaga kai kafin a ba da ƙwallo. Gudun dogon zango ne ke fara tafiya, amma taku uku na farko suna daɗewa ga wanda ya kula da nauyin jikinsa kuma ya tsira daga manyan raunukan gwiwa. Betis ta ƙare ta shida a 2017/18, kuma a watan Nuwamban 2018 ya ci ƙwallo a Camp Nou ranar da suka doke Barcelona 4 da 3.

Ranar 8 ga Disamban 2019 ya zura uku a ragar Athletic Bilbao cikin minti 20 na farko, aka tashi 3 da 2. Wannan ne karon farko da ya ci uku rigis a wasa ɗaya, yana da shekara 38 da kwana 140, ya karya tarihin Alfredo Di Stéfano na 1964 a matsayin mafi tsufa da ya yi haka a La Liga.

Akwai abubuwa biyu daga waje da suka taimaka a shekarun ƙarshe, kuma gaskiya ta sa a faɗe su. Pellegrini ya zo Betis a 2020, mutumin da ya san shi sarai tun Málaga. Sannan a shekarar aka fara ba da damar canjin 'yan wasa biyar maimakon uku. Da canji uku, koci ba ya iya ɓata ɗaya a kan dattijon da zai yi minti ashirin. Da biyar kuwa yana iyawa. Sai aikin Joaquín ya koma shigowa bayan minti 65 ko 70, lokacin da 'yan baya suka gaji kuma wasa ya buɗe, ya riƙe ƙwallo, ya jawo keta a wuri mai amfani, ya buga kwana, ya ba da ƙwallon ƙarshe. A wasannin kofi da na Turai kuma a fara da shi. Wanda ya saba da a fara da shi shekara ashirin, ba ƙaramin abu ba ne ya karɓi benci ba tare da ya dagula ɗakin 'yan wasa ba, ga shi kuma kyaftin.

A haka ya ɗaga Copa del Rey ranar 23 ga Afrilun 2022 a filin La Cartuja na Sevilla. An tashi kunnen doki 1 da 1 da tsohuwar ƙungiyarsa Valencia, Borja Iglesias da Hugo Duro suka ci. Ya shigo daga benci gab da cikar minti 90, ya buga ƙarin lokaci, da aka zo fenareti ya karɓi nasa ya ci. Yunus Musah ya ɓarar wa Valencia, Juan Miranda ya ci na ƙarshe, 5 da 4. Sau uku Betis ta taɓa cin wannan kofi, 1977 da 2005 da 2022, kuma Joaquín ne kaɗai ya ci biyu daga ciki, da ratar shekara 17 a tsakani. A watan Satumban shekarar ya ci Ludogorets ta Bulgeriya, ya zama mafi tsufa da ya ci ƙwallo a gasar Europa, yana da shekara 41 da kwana 56.

Ya sanar da ritaya a watan Afrilun 2023. Wasansa na ƙarshe, ranar 4 ga Yuni da Valencia, shi ne na 622 a La Liga, daidai da na gola Andoni Zubizarreta. A cikin waɗanda ba masu tsaron gida ba kuwa, tun 2020 ya wuce Raúl mai wasa 550. Kuma a lura cewa kaka biyu da ya yi a Italiya da kakarsa ta farko a rukuni na biyu duk ba sa cikin wannan lissafi.